RAMI DA RUWA: TARIHIN ƊIBAR YASHI DA TSAKUWA A ƘASAR AREWA

A wannan fitowa ta takardarmu za mu waiwayi tarihin wani abu da kowa ke gani a bakin hanya amma ba a cika zama a yi shawara kansa ba, wato ramukan da ake haƙawa domin ɗibar yashi da tsakuwa da marmara, da abin da ruwan damana ke yi da su bayan motoci sun tafi. Maganarmu a taƙaice ita ce: duk wanda ya haƙa rami a ƙasar Arewa ya sake wa ruwa hanya, ko ya sani ko bai sani ba. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke duban inda ruwa zai sauka kafin su sara ƙasa. Yau haƙa ta ninka ta dā sau da yawa, amma wannan duba ya yi ƙaranci.

YADDA ƘASARMU TAKE A SHIMFIƊE

Garuruwanmu da yawa suna zaune ne cikin Dallol Mawri ko a bakinsa. Wannan kwari tsohon kogi ne da ya daina gudu tun dubban shekaru. Ya taso daga arewa, ya bi ta Matankari da Dogon Dutsi da Kiyeshe da Kore Mai Ruwa da Tibiri da Gesheme, ya haɗu da Dallol Foga a kudu, sa'an nan ya isa kogin Isa a ƙasar Gaya. Ƙasar hawa uku ce. A sama akwai dutsi da fako, inda marmara ta yi wa ƙasa hula mai tauri. A tsakiya akwai gangare, inda koramu ke saukowa. A ƙasa kuma ga kwarin da kansa, cike da yashi, da tabkuna nan da can, ruwan rijiya kuwa kusa yake, musamman idan an yi kudu.

Kowane hawa da abin da yake ba mai gini. Tsakuwa da marmara daga sama ake samunsu, yashi daga cikin korama, laka kuwa daga bakin tabki. To, hanyar da kayan gini ke bi zuwa gari, ita ce dai hanyar da ruwa ke bi. Kuma ruwan da ya sauka a nan ba ya gudu har kogi. Cikin tabkunanmu yake tsayawa, irin su Tabkin Sawo na Dogon Dutsi, daga nan rana ta sha wani, wani ya nutse ya cika rijiyoyi. Duk yashin da ruwa ya kwaso daga sama, a gonarmu ko tabkinmu ko ƙofar gidanmu zai ajiye shi, gama ba shi da wani wurin kai shi.

Ruwan shekara a wajenmu yakan kai milimita 500 zuwa 600, kuma kusan dukansa tsakanin watan Yuni da Satumba yake zuba. Ga ɗan lissafi da kowane ɗan lakwal zai iya yi. Idan aka yi ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya, hekta 1 takan karɓi lita 500,000, wato tano 2,500 masu cin lita 200. A ce fako mai hekta 20 ne ke bisa wani rami, kuma rabin ruwan ne kawai ya gudu, to tano 25,000 ne za su nufo ramin nan kafin gari ya waye.

ZAMANIN KUDUDDUFI

Kafin zuwan siminti, da laka da itace da kara ake gini. Kowane gari yana da kududdufinsa, inda ake ɗibar ƙasa da rani bayan an gama girbi. A gangaren gari ake yinsa, wurin da ruwan lunguna ke taruwa, saboda haka ramin da ya ba da ƙasar gini shi ne kuma ke ɗauke wa gidaje ruwa da damana. Dabbobi su sha, masu tubali su kwaɓa ƙasa da shi, lakar da ruwa ya kawo kuma a sake kwashe ta rani mai zuwa. Haƙar da hannu ce, da sungumi da kwando, ba ta fin ƙarfin abin da damana ɗaya ko biyu za su mayar.

Akwai kuma wanda ake tambaya. A tsarin Arewa na dā, sarauta tana hannun Sarkin Arewa, amma sha'anin ƙasa da daji yana hannun ƴan ƙasa, Gubawa, irin su Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, kuma kowane gari da dattawansa. Baƙo ba ya zuwa haka kawai ya sara ƙasa inda ya ga dama.

Kada mu ce zamanin nan ba shi da aibi. Ruwan kududdufi ya raini sauro, ya ba yara tsargiya, kurkunu kuma ya kwantar da manoma daidai lokacin noma. Sai a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da kurkunu, bayan dogon aikin tace ruwa da haƙa rijiyoyi. Abin da za mu riƙe daga zamanin shi ne mai haƙa da mai shan wahalar ruwan mutum ɗaya ne, a gari ɗaya suke kwana.

TURAWA DA HANYA

Ruwan kwarin nan ya shiga har cikin takardun Turawa. A yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa, tsakiyar Dallol Mawri aka ɗauka ta zama iyaka, har zuwa inda ta haɗu da wani da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasarmu da ƙone-ƙone, Sarauniya Mangu ta tare ta a Lugu. Da Faransawa suka zauna, sai suka ga iyakar 1898 ta bar musu hanyar da ba ta da isassun rijiyoyi tsakanin kogi da Damagaram. Suka yi ta neman gyara, aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906, iyaka ta matsa kudu. Ta haka hanyar Yamai zuwa Damagaram ta biyo ta Arewa da Ƙonni, Dogon Dutsi kuma ya zama mazaunin kumandan.

Hanyar mota tana son marmara. Da aikin tilas aka yi ta: ana ɗibar maza daga kowane gari, su fasa marmara a gefen dutsi, su ɗauko a kwando bisa kai, su zuba, su daɓe. Damana ta wanke, da kaka a sake kiransu. Ba a soke aikin tilas ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny. A wannan zamani ne aka fara haƙa rami a ƙasarmu bisa umarnin wanda ba ya zaune a garin, kuma abin da ake dubawa shi ne kusancin ramin da hanya. Inda ruwansa zai bi ba ya cikin lissafi.

KWALTA DA SIMINTI

Bayan samun mulkin kai a 1960 aka shimfiɗa kwalta a babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi. Katafila ta maye gurbin kwando. Mu auna: hanya mai faɗin mita 7, idan aka zuba mata marmara mai kaurin santimita 20, kilomita 1 kawai zai ci lodin tifa 140, in kowace tifa tana ɗaukar abin da ya kai tano 50. Kuma hanyar kwalta ba shimfiɗa ɗaya ake yi mata ba. Ramukan da muke gani jere a gefen hanya, wasu sun zama tabki wasu sun zama kwazazzabo, daga nan suka samo asali, kuma duk lokacin da aka zo gyaran hanya sai an ƙara wasu.

A tsakiyar shekarun 1960 masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki, ga kuma simintin da ke shigowa daga Najeriya. Magina sun san awon kankare: buhun siminti 1, baro 1 na yashi, baro 2 na tsakuwa. Ashe duk buhun da aka sauke a kasuwa, ya aika a kwaso masa baro 3 daga korama da dutsi. Jama'a kuma ta ƙaru. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta sami miliyan 17. Garin Dogon Dutsi ya tashi daga wajen mutum 15,000 zuwa wajen 37,000 a wannan tsakani. Makarantu, ɗakunan likita, masallatai, shaguna, gidajen ƴan ci-rani, kowanne da yashinsa. Masu amalanke da masu tifa da mata masu tara tsakuwa suka sami sana'a, kuma sana'a ce ta halal wadda ke ciyar da gidaje. Ba mu kaɗai ba ne: hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya na cin yashi da tsakuwa tan biliyan 50 kowace shekara.

FARI YA ZO, KORAMU SUKA ƘARA ƘARFI

Farin 1968 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe itatuwa da ciyawa. Gonaki kuma suka hau gangare saboda yawan baki, aka sare sabara da geza don itacen wuta. Abin da ya biyo baya ya ba masana mamaki. Ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke gudu bisa ƙasa ya ƙaru, domin ƙasar da ba ta da sutura takan yi ɓawo, ruwa ba ya shiga. Koramu suka faɗaɗa, tabkuna suka ƙara cika. A ƙasar Zabarmawa gabas da Yamai, inda aka daɗe ana auna rijiyoyi, an ga ruwan ƙasa ya hau da wajen mita 4 tsakanin 1963 da 2007, saboda ruwan da ke taruwa a tabkuna yana nutsewa. Dattawanmu ma sun shaida cewa koramar da yaro ke tsallakewa a dā, yau sai an nemi mashigi.

Wato dai, daidai lokacin da haƙa ta yi yawa, lokacin ne ruwa ya fi ƙarfi. Ga abin da ke faruwa a kowane hawa.

A bisa dutsi, idan aka ɓare hular marmara, ƙasar da ke ƙarƙashi mai laushi ce. Tarin ƙasar da katafila ta ture gefe, ruwan farko ke kwashe shi ya gangara da shi. Idan ramin ya cika ba shi da mafita, sai ya fasa inda ya fi rauni, kuma daga wannan tsaga sabon kwazazzabo ke farawa, ya bi sawun tifa ya sauka gonaki.

A cikin korama, idan aka kwashe yashi wuri ɗaya aka yi zurfi, ruwa yakan faɗa ramin kamar daga bisa katanga, ya riƙa cin bakin ramin yana komawa baya, sama-sama, damana bayan damana. Yashin da ya kawo kuma a ramin yake zube shi, saboda haka yakan fita da yunwa, ya ci gaɓar da ke gaba. Da haka gindin kwalbati ke fitowa fili, gonar bakin korama ta rufta. Yashin korama kuma tulu ne: shi ke riƙe ruwan da ƴan rijiyoyin garake ke sha da rani. In an kwashe shi har ƙasa mai tauri, an fasa tulun.

A ƙasan kwari, idan haƙa ta taɓa ruwan ƙasa, an buɗe rijiya marar murfi. Ranar ƙasarmu tana shan fiye da mita 2 na ruwan da ke fili a shekara. Kashin dabbobi da baƙin mai da shara su shiga ruwan da unguwa ke sha, kanwa kuma ta fito a gefe. Rami mai miƙaƙƙen bango ya fi kowanne haɗari, gama yaro ko ɗan maraƙi in ya zame ba shi da wurin kamawa.

Duk da haka, rami ba abokin gaba ba ne. Makiyaya sun san ramukan bakin hanya da ke riƙe ruwa har cikin ɗari, kuma ramin da aka yi a wurin da ya dace yana rage wa gari ambaliya, yana shayar da rijiyoyi. Bambancin yana ga wurin da aka zaɓa da siffar da aka bar ramin da ita.

DARASIN KEITA DA NA 2002

A watan Mayu na 1984, zamanin Janar Seyni Kountché, aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. A wannan lokaci ne kuma aikin Keita ya kankama a ƙasar Adar, da taimakon Italiya da hukumar abinci ta duniya FAO. Mutanen Keita, mafi yawansu mata, suka jera duwatsu a fako, suka haƙa ramukan tare ruwa a gangare, suka gina madatsai cikin koramu da ragar ƙarfe cike da duwatsu. Hikimar aikin ɗaya ce: a rage wa ruwa gudu tun daga sama, tun yana ƙarami, kada a jira shi a ƙofar gari.

Dogon Dutsi ya koyi wannan da wahala. Ambaliyar farkon damanar 2002 ta sauko daga duwatsun da ke kewaye da garin ta yi ɓarna mai yawa. A ranin shekarun da suka biyo baya jama'a suka fito, suka jera katangun duwatsu masu tace ruwa, suka haƙa rabin-wata a gangare. Ruwa ya rage gudu, ƙasar da ta mutu ta fara fid da ciyawa. Wanda ya ɗauki dutse a kansa a aikin nan ya san tsadarsa. To, rami ɗaya da aka buɗe ba shawara a bisa irin wannan gangare yana iya warware aikin rani guda a dare ɗaya. Haka kuma duwatsun da aka jera, in mai neman tsakuwa ya kwashe su ya fasa ya sayar.

Kada kuma a ɗauka ruwa mai ƙarfi ya wuce. A damanar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan 1, har ta yanke babbar hanya a kusa da Yamai.

ABIN DA DOKA TA BA MU

A ranar 2 ga Maris 1993 aka sa hannu kan dokar ma'adinai, wadda ta haɗa da wuraren ɗibar yashi da tsakuwa, a ranar kuma aka kafa tushen dokar karkara, wadda ta haifi hukumomin kula da filaye da muke kira Kofo. Dokar muhalli ta zo a 1998, dokar ruwa a 2010, aka kuma sabunta dokar ma'adinai a 2022. Zaɓen 2004 ya kafa kananan hukumomi na kwamin, a 2011 kuma Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta, da kwamin 4: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mai Ruwa. Dogon Dutsi ya rage da 6: Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, Dogon Kirya da Sukukutan. Ruwa dai bai san wannan rabo ba. Abin da aka haƙa a kwamin ta sama, ta ƙasa ke karɓar yashinsa.

Doka ta ce sai da izini ake buɗe wurin ɗiba, ana biyan haraji kan abin da aka ɗiba, kuma mai babban aiki wajibi ne ya gyara wurin in ya gama. Ashe ikon da dattawa ke da shi a zamanin kududdufi ya dawo kusa da mu ta wata ƙofa. Saura amfani da shi.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ga abin da tarihin nan ya nuna, muna miƙa shi ga masu gari da hukumomin kwamin da ƴan Kofo da masu tifa da amalanke:

1. Kafin a sara ƙasa, a zaga wurin da manoma da makiyayan da suka san inda ruwa ke bi. Lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarshen damana, sa'ad da sawun ruwa ke nan a fili.

2. A yi ganuwar ƙasa ko jerin duwatsu ta saman ramin, domin ruwan fako ya kewaye shi, ko ya shiga ta ƙofa ɗaya da aka daɓe da duwatsu.

3. Kowane rami ya sami mafitar da aka shirya, mai faɗi, daɓaɓɓiya da duwatsu, wadda ke zuba cikin tsohuwar hanyar ruwa. A ƙasanta a yi ɗan ƙaramin rami inda yashi zai kwanta kafin ruwa ya isa gona, a riƙa kwashe shi da rani. Wannan yashi ma na sayarwa ne.

4. Ƙasar sama mai taki a tara ta daban, nesa da hanyar ruwa, a dasa mata gamba, domin a mayar da ita ranar rufewa.

5. A korama, a ɗiba sama-sama a faɗaɗe, inda yashi ya taru ya yi tudu, kada a wuce abin da damana ke kawowa. A nisanci gaɓa da gada da kwalbati da rijiyoyi. Koramar da yashi ya cike har tana barazana ga unguwa, can ya kamata a tura masu ɗiba.

6. A kwari, a tsaya kafin a taɓa ruwan ƙasa.

7. Kada a bar miƙaƙƙen bango. Kowane mita 1 na zurfi a ba shi mita 3 na gangare, yadda yaro da dabba za su iya fita da ƙafarsu.

8. Tun ranar buɗewa a rubuta abin da ramin zai zama: mashayar dabbobi, ko garka, ko wurin dashen itace. Kada motocin mai aikin hanya su tashi sai mai gari da kwamin sun je sun gani da idonsu. Wani kaso na harajin da aka karɓa kuma ya koma kan gyaran wurin da aka ɗibo kuɗin.

Ƴan'uwanmu na Yamai da Kwatano da Legas masu aiko kuɗin gini, ku ma kuna da baki a maganar. In kun tambayi magini kuɗin tifar yashi, ku tambaye shi kuma daga wace korama za a ɗebo. Muna roƙon kowane reshe na ƙungiya ya ƙidaya ramukan da ke ƙasar garinsa kafin ruwan farko, ya rubuta wanda ke da mafita da wanda ba shi da ita, ya kawo mana a taro mai zuwa domin mu kai wa hukuma a dunƙule.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mana yaranmu da gonakinmu.